Gwaggo a Kan Babur

Zuwa ga 'yata, 'Yar Wushirya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aikin asibiti. Mu nan sai godiya, in ban da gwiwar Innarki da ke ta ƙorafi.

Direban motar haya ya kawo saƙonki. Na buɗe kwali ina zaton takalmi ne, sai ga na'urar nuna hanya, GPS ɗin nan. Ni? Ni za a nuna wa hanya? Shekara talatin da ɗaya ina kai maganin kantinmu gida-gida a kan babur. Ba a banza abokan aiki suke kirana Taswira ba. Titin da ke gaban makarantarku ma a idona aka zuba masa kwalta.

Amma kyautar 'ya ba a mayar da ita, don haka na ɗaura ta. Tun daga ƙofar gida ta fara: "Juya dama. Juya dama." Na juya hagu. Kamar ta yi fushi, sai ta ce, "Ana sake lissafin hanya." Sau huɗu muka yi haka da ita. Wallahi sak gwaggona marigayiya, wadda ko ruwa za ka sha sai ta faɗa maka yadda ake riƙe kofi. Shi ya sa na raɗa mata Gwaggo.

Ta ce minti ashirin da biyu zuwa gidan tsohuwar nan mai ciwon suga. Na bi ta lungun kafintoci, na ɓulla bayan gidan ruwa, na isa a sha ɗaya. Na tsaya a ƙofar gidan na ce mata, "To Gwaggo, wa ya fi wani?"

Sabon manajanmu dai ra'ayinku ɗaya. Ya ce ƙarshen wata zai gwada mu duka bakwai, wanda bai iya aiki da na'ura ba ya ajiye makulli. Da yake faɗa ni yake kallo. Bari ya kalla. Abin da kawai ke ba ni haushi, garin nan sun cika sauya fenti, sai ka zo kwanar da ka sani ka ga kamar ba ita ba.

Ki gaida maigidanki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Taswira

*

Zuwa ga Babana,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, tare da fatan kai da Inna kuna cikin ƙoshin lafiya.

Baba, na karanta wasiƙarka a ɗakin hutunmu, na yi dariya har wata abokiyar aikina ta leƙo ko lafiya. Amma ka yi wa Gwaggo adalci. A kan mota aka saita ta daga kamfani, shi ya sa take bi da kai manyan tituna. Ka shiga wurin saiti ka danna hoton babur, za ka ga ta yi hankali.

Ga sauran abin da nake roƙo, kuma don Allah kada ka ce na zama Gwaggo ta biyu. Ka ɗaure mariƙinta da kyau a kan babur, ka sa robar nan da ke cikin kwali a ƙarƙashinsa don kada girgiza ta kwance notin. Abin sauraron a kunne ɗaya za ka sa, cikin hular kwano, ɗayan kunnen na titi ne. Kada ka taɓa ta kana tafiya, ka tsaya gefe tukun. In hadari ya haɗu, ka rufe ta da jakar ledarta.

Abin da na san zai burge ka shi ne, tana koyo. In ka danna jan maɓalli kafin ka tashi, za ta riƙe duk hanyar da ka bi, har lungun kafintoci. Kuma kowane wuri kana iya sa masa sunan da ka ga dama, in ka kusa za ta faɗa maka shi da bakinta. Ka ga ke nan kai ne malami, ita ɗaliba.

Wuri na farko da nake so ka sa shi ne gida. Ba don komai ba, haka kowa yake farawa.

Ka gaida Inna, ka ce ta riƙa shafa man da na aiko.

'Yarka mai alfahari da kai,
Wushirya

*

'Yar nan,

Sallama da gaisuwa. Gwiwa da sauƙi. Wannan takarda matar tela maƙwabcinmu ce ta kai wa direba, babanki bai sani ba, kuma kada ki nuna masa kin gani.

Abin da na faɗa miki a waya watan jiya ya sake faruwa. Wancan karon tela ne ya same shi a mararrabar gidan ruwa, injin babur yana ta aiki, shi kuma yana kallon hanyoyi ukun nan kamar baƙo. Wannan karon a tsakar gida ne. Ya fito da makulli a hannu ya ce min, "Ina ne ma zan je?" Ya mayar da abin wasa, amma bai ruɗe ni ba. Shekara talatin da huɗu muna tare, ban taɓa ganin tsoro a fuskar mutumin nan ba sai ranar.

Da ƙyar na ja shi wurin likita, sai da na ce gwiwata za a duba. Likita ya yi masa tambayoyi, ya sa shi zana agogo. Ya ce abin farko-farko ne, akwai magani mai rage masa gudu, amma babur kam kwanansa ya kusa ƙarewa. Babanki ya ce, "Likita, da ka san ni da ba ka faɗi haka ba." Muka taho gida.

To amma ki ji abin da ya tsiro da shi. Kullum ya dawo aiki da la'asar, sai ya jawo kujerar roba kusa da babur, ya maƙala tabarau, ya hau danne-danne da yatsa ɗaya. Shayinsa ya huce a gefe. Jiya na leƙa. Ashe gidajen marasa lafiyarsa yake sawa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba da lamba ba, da irin sunayensa. "Mai suga, ƙwanƙwasa taga, ba ta jin ƙofa." "Tsohon soja, kada ka yi hon." "Gidan kare, tsaya daga waje." Ya ce min sun kai ɗari da tamanin. Na ce, to na mene ne? Ya ce, "Karatu nake ba Gwaggo, jahila ce."

Na san dalilinsa, shi ma ya san na sani. Gwajin manaja ranar Alhamis ne. Ba aikin nake ji ba, 'yar nan, Allah na tuba, da ma ya huta. Abin da nake tsoro kada ya ɓace a gaban abokan aikinsa, a kore shi ana cewa Taswira ya manta hanya. Wannan ba zai tashi daga gare shi ba.

Ki sa shi a addu'a.

Innarki

*

Zuwa ga 'Yar Wushirya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa a taƙaice yau, don labari ya cika min baki. Ki nemi wuri ki zauna.

Ranar Alhamis manaja ya jera mu bakwai a gaban kanti, kowa da akwatin sanyi a bayan babur da gidaje biyar a takarda, duk a tsallaken rafi. Ya ce kowa ya bi na'urarsa, shi yana kallonmu a kwamfutar ofis. An kwana biyu ana ruwa. Tun da na ga kalar ruwan kwata na san ƙaramar gada ta nutse, don kuwa haka take yi duk shekara. Na ɗaga hannu zan yi magana, ya ce, "Baba, yau na'ura ce za ta yi magana." Na ce to, madalla.

Shida suka kwasa suka nufi ƙaramar gada, don nan na'urorinsu suka nuna. Ni kuwa na zaɓi hanyar da na koya wa Gwaggo da kaina: lungun kafintoci, bayan gidan ruwa, a gangara ta tsohon layin dogo a hau babbar gada ta baya.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ina isa mararrabar gidan ruwa, sai kaina ya ɗauke. Fes, kamar an goge allo. Hanyoyi uku a gabana, ban san ko ɗaya ba. Ban san me ke cikin akwatin bayana ba. Na ja gefe na tsaya kamar yadda kika ce, gumi yana bin cikin hulata. Na ce shi ke nan, yau Taswira ya ƙare, kuma manaja yana kallon ɗigon da ya tsaya cak a kwamfutarsa.

Sai na ji murya a kunnena: "Gidan ruwa, bi hagu, ka yi hankali da ramin." Maganata ce! Ni na rubuta ta da yatsana, a kujerar roba. Na bi hagu, ga rami kuwa, na kauce masa. Can ta ce, "Mai suga, ƙwanƙwasa taga, ba ta jin ƙofa." Na ƙwanƙwasa taga. Tsohuwa ta leƙo ta ce, "Taswira, yau ka makara da minti uku." Daga jin sunana komai ya dawo min daram. Na miƙa mata allurarta, na juya baya na share ido, na ce ƙwaro ne ya faɗa.

Na gama biyar ɗina na dawo kanti, babu ko ɗaya daga cikinsu. Suna bakin ƙaramar gada suna kallon ruwa, na'urorinsu suna ta cewa su miƙe. Manaja ya fito da kansa ya riƙe min babur na sauka. Ya ce, "Baba, wace hanya ce wannan? Babu ita a taswirar kamfani." Na ce, "Akwai ta a tawa." Ya karɓi Gwaggo yana dubawa, yana karanta sunayen, har ya zo kan "Gidan manaja, matarsa ta fi shi fara'a." Kowa ya fashe da dariya, har shi. Nan take ya roƙi izinina a kwafe wurarena a zuba a na'urorin sauran shida. Ɗari biyu da sha huɗu ne yanzu.

Sai na ciro makullin babur na ɗora a teburinsa. Ya ce, "Haba Baba, kai ka zo na ɗaya!" Na ce shi ya sa. Ba wanda ya karɓa daga hannuna, ni na ajiye. Maganin mutane nake ɗauka, ba zan jira ranar da Gwaggo za ta yi magana in kasa gane ta ba. Ya ce to in riƙa zuwa da safe ina zama a teburin rabon aiki, duk wanda zai fita ya biyo ta wurina. Na ce zan duba, don kada ya ga na yi saurin yarda. Ranar Litinin zan fara.

Wani abu kuma. Na san Innarki ta rubuto miki, matar tela ba ta iya riƙe magana. Na kuma san dalilin da ya sa kika ce in fara sa gida. Ban ji haushi ba. Da farko dai na ji, na kwana biyu ina ji. Amma 'yar da ta ga ubanta zai faɗi, ta miƙo masa sanda ta ce ado ne, wannan 'yar ni na haife ta, kuma ina faɗa da babbar murya.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki.

Mahaifinki,
Taswira, na ɗaya cikin bakwai

*

Babana,

Sallama da gaisuwa. Sau uku na karanta. Na farko na yi kuka, na biyu na yi dariya, na uku na tara abokan aikina na karanta musu wurin ƙaramar gada, har da babban likitanmu. Yanzu duk asibitin nan sun san ni 'yar wane ce.

Ka yafe min ɓoye-ɓoyen da na yi. Tsoro nake ji kada ka jefar da ita.

Ina da hutun mako biyu a watan gobe, amma maimakon in zo, ku za ku zo. Tun da muka tare a sabon gida ba ka taka shi ba. Akwai likitan da nake so ya gan ka, akwai kuma ɗaki da na gyara muku. Na rubuta adireshin a bayan takardar nan. Ka ba Gwaggo ta haddace.

'Yarka,
Wushirya

*

'Yar Wushirya,

Wa alaikumus salam. Muna tafe ranar Asabar, a mota, kada hankalinki ya tashi. Gwaggo tana aljihuna, ta ce awa shida da rabi. Zan nuna wa direba inda zai rage.

Na sa gidanki, shi ne na ɗari biyu da sha biyar. Wannan ban bari an kwafa wa kowa ba. Ga yadda na rubuta, don ki san abin da za ta faɗa min a ƙofarki:

"Gidan 'yarka ta fari, mai wushirya. Ko ba ka gane ta ba ka shiga, ita za ta gane ka."

Sai mun iso.

Babanki