Tagogin Ajin Sama

Guayama, Agusta

Ƙanena Heriberto,

Bayan gaisuwa, ya matarka Milagros da yara? Ma'aikatanka sun gama da makarantarmu. Sun cire tagogin katakon da iskar teku ke shigowa ta cikinsu tun muna ɗalibai, sun liƙa gilashin da ba ya buɗuwa. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa ofishin shugaban makaranta, Don Efraín, da azuzuwan ƙasa kaɗai suka samu. Ni da ɗalibaina muna sama, ƙarƙashin rufin siminti, muna dahuwa kamar wake a tukunya. Kai ne injiniyan aikin. Ka sa a buɗe mana ko taga ɗaya ce kafin tamu na'urar ta iso.

Yayarka,
Eulalia

San Juan, Agusta

Yaya,

Kowa lafiya, suna gaishe ki. Dokar tsimin wutar lantarki ce, ba ni na rubuta ta ba. Ginin da aka sa wa na'ura dole a toshe shi ruf, kada sanyi ya zurare. Mai duba gini zai zo ya gwada ko iska na fita, kuma taga ɗaya a buɗe ta isa ta sa a kayar da mu, ga sunana a kan aikin. Da gangan na sa ajinki a ƙarshe, kada a ce na fifita 'yar'uwata. Ki sa su riƙa shan ruwa. Ke da kika raine mu da mafici, yau zafi ne zai sa ki kuka?

Naki,
Heriberto

Guayama, Satumba

Heriberto,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Yaritza, wata ɗalibata mai asma, ciwon toshewar numfashi, ta yanke jiki ta faɗi ana cikin darasi. Na ɗauki kujera na fasa gilashinka, kuma ban yi nadama ba. Yarinyar ta farfaɗo. Don Efraín ya kai ƙarata, wai na lalata kayan gwamnati. Kwamitin da zai saurari ƙarar zai tambaye ka ko ɗakin ya dace da zaman mutane. Ka faɗi gaskiya kawai. Kaɗan ya rage in yi ritaya, in suka kore ni na tashi a tutar babu. Ban taɓa roƙonka komai ba sai a kan ɗakin nan.

Yayarka,
Eulalia

San Juan, Oktoba

Yaya,

Da fatan kina hutawa. Na gaya wa kwamiti ɗakin ya cika ƙa'ida, don kuwa ya cika. An mayar da gilashi, mun ci gwajin. Na'urar ajin ta iso mako guda bayan an sallame ki. Na ji sabuwar malamar har rigar sanyi take sawa.

Ki huta lafiya,
Heriberto