Fiton Kwamfutar Surukina

Bergen, farkon kaka

Yayata Torunn,

Ina gaishe ki gaisuwar kewa. Yaya gwiwar taki, ta bar ki kina hawa bene? Ki gaishe mini da Oddvar da yara. Mu lafiya lau, ban da kaina da ke neman rabewa biyu.

Kin san tun rasuwar matarsa Ragna, surukina Halvard ya dawo wurinmu. Ban ƙi ba, uban mijina ne. Amma ya zo da tsohuwar laftof ɗinsa, kuma fito take yi. Wata siririyar ƙara ce kamar sauro ya shiga kunne ya ƙi fita. Daga ya sha kofin safe zai buɗe ta a teburin kicin, ya yi ta kallon bidiyoyin matarsa: ga Ragna tana gyaran kifi a bakin ruwa, ga Ragna tana yi masa tsiya wai ya kauda kyamarar nan daga fuskarta. Shi yana dariya shi kaɗai, ni ina ɗakin aikina ƙarar tana huda mini ƙwaƙwalwa.

Da na yi masa magana sai ya ƙara murɗa na'urar jinsa, ya kara kunne a jikin abin, ya ce, "Ingunn, ni fa ban ji komai ba." To ina zai ji? Mijina Eivind ma sai ya sunkuya sosai yake cewa wai kamar-kamar.

Na kashe sifika, tana nan. Na hure ƙurar fanka, tana nan. Na lura in an cire caja takan yi ƙasa, amma batirin ya mutu, ba ta jimawa take ɗaukewa. Gobe zan kai ta wurin mai gyara.

Taki ƙanwa,
Ingunn

Bergen, tsakiyar kaka

Torunn tawa,

Wasiƙarki ta iso, na ji daɗi da likita ya ce ba sai an yi wa gwiwar aiki ba. Ina fatan sanyin can bai matsa muku ba.

Kin ce in saya wa kaina abin toshe kunne. A gidana? Ke dai ba ki canza ba.

Mai gyara ya saurara ya ce wata 'yar naɗaɗɗiyar waya ce a ciki take rawa in wuta ta bi ta. Wai ba ta da haɗari, kuma sabuwar caja za ta iya rage ƙarar. Rage fa ya ce, ba kashewa ba. A bas ina dawowa na yi ta tunani: ko ƙarar ta tafi, muryar Ragna tana nan, matar da har ta mutu ba ta taɓa cin miyata ba sai ta ƙara gishiri. A kicin ɗina take magana kullum.

Sai na ce musu mai gyara ya ce abin zai iya kamawa da wuta. Eivind ya tsorata, kin san gidanmu na katako ne. Halvard ya dafa murfin da hannu biyu ya ce, "A bar mini ita a gareji, can zan riƙa zama." Eivind ya ce, "Baba, gareji ma gida ne. Bari in kwafe maka bidiyoyin ranar Asabar, sai mu saya maka sabuwa."

Tun bazara yake faɗin ranar Asabar ɗin nan, bai kwafe ko ɗaya ba. Ranar Alhamis da tsohon ya tafi asibitin kunne na sa laftof ɗin a jaka, na kai ta inda ake zubar da matattun kayan wuta. Na ce wa Eivind na ji tana ƙauri ne. Ya yi ihu, ya buga ƙofa, da yamma kuma ya ci dankalinsa da kifi.

Mun saya wa Halvard sabuwa fil, shiru kamar kabari. Ko ledarta bai ɓare ba. Don Allah kada ki yi mini wa'azi.

Ingunn

Bergen, shigowar hunturu

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa. Shirunki ya yi tsawo, ina fatan lafiya ce ba fushi ba.

Abubuwa sun warware da kansu. Kwanaki Halvard ya fita ba laima, ya hau bas har wurin zubar da kayan. Ma'aikata suka tsince shi a cikin ƙaton akwatin ƙarfe, ya shiga har gwiwa cikin matattun kwamfutoci yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, hannunsa duk jini. Yana ta ce musu, "Matata tana ciki." Suka kira 'yan sanda, 'yan sanda suka kira Eivind. Ashe ma tuni an kwashe na wancan makon an niƙe.

Da ma'aikaciyar jinya ta hukuma ta zo duba Halvard, ta tambaye ni ko ya saba irin wannan ruɗewa. Na ce mutumin da ke neman matarsa a bola, me kuma zan ƙara? Eivind yana zaune yana kallon ƙasa. Shi ya san abin da ubansa yake nufi, amma bai buɗe baki ba, don haka kada ki ɗora mini ni kaɗai. An ba Halvard ɗaki a gidan tsofaffi, tagarsa tana kallon teku.

Jiya muka kai shi. Eivind ya fita da akwatuna, ya rage daga ni sai shi a zaure. Ya sa hularsa, ya dube ni ya ce, "Ingunn, ƙarar nan, yi mini ita da bakinki. Ina so in san abin da ya fi ƙarfinki."

Na sunkuya daidai na'urar jinsa na yi masa fiton, siriri, yadda take yi. Ya rufe ido ya saurara har numfashina ya ƙare.

Ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan. Ya gyaɗa kai, ya fita cikin ruwan sama, bai bari na riƙe masa hannu a matakala ba.

Ɗakinsa nake yi wa fenti yanzu. In za ku zo Kirsimeti akwai wurin kwana, ki sanar da ni da wuri.

Ƙanwarki mai son ki,
Ingunn