Ki Danna Maɓallin Tonon Asiri

DAGA OFISHIN MAI GIRMA BABBAN DARAKTA, HUKUMAR SA IDO KAN ZUKATAN SAMARI, SHIYYAR KUDANCIN KADUNA

Zuwa ga Fatimatuzzahra'u, sarauniyar masu buga takardu, shagon Madam Hellen, layin tasha, Kafanchan.

Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ya ke farin watan da ke leƙowa ta bayan dutsen Kagoro, ya ke feshin ruwan Matsirga a fuskar wanda ya sha rana, ya ke ƙanshin ƙasa a ruwan farko! Ya ke mai yatsun da ke sauka a kan kibod kamar yayyafi a rufin kwano, wadda in ta ɗago ido daga kwamfuta sai masu jiran layi su manta takardar da ta kawo su! Ni, Babban Darakta, na sallami baƙi, na sa masinja ya rufe ƙofa, na ce ko wane ne ya zo a ce ina ganawa, domin in rubuto miki da kaina.

Rahoto ya iso teburina cewa kin gindaya wa wani ɗan sayar da citta sharaɗi. Wai Ɗan'auta, wanda karatunsa duka na allo ne, bokonsa kuwa a waya ya tsince shi. An ce ya nemi ki ba shi izini ya turo magabatansa gidanku, kika ce sai ranar da ya bugo miki wasiƙa a kwamfuta da hannunsa, kowane sashe da salonsa na gaskiya, kuma kafin a gama haƙar cittar bana. In ya kasa, ya daina tare miki ƙofar shago da buhunansa. Haba, gimbiya! Wace irin doka ce wannan? Ko mu nan ofis ba mu tsananta wa masu neman aiki haka ba.

Rahoton ya kawo labarin ranar da ya fara gwadawa. An yi ruwa tun hantsi, shagon ba kowa, Madam ta tafi taron mata na cocinsu, kika ba ni kujerarki, wato kika ba shi. Ya zauna yana cika baki. Da farko ya jingine rubutun duka a hannun dama, don can ya saba farawa a allo, kika yi dariya har kallabinki ya zame. Da ya zo ga kan magana kuma, wato taken takardar, yana so ya zaunar da shi a tsakiya, sai ya kama dogon maɓallin nan na ƙasa yana ta duka, yana tura kalmomin kamar mai tura baro a laka, har suka kai inda idonsa ya ce tsakiya ne. Ya jingina da baya yana jiran yabo. Kika miƙo hannu ta kan kafaɗarsa, ƙanshin lallenki ya wuce ta gefen hancinsa, kika danna wani ɗan maɓalli a sama. Wayyo! Duk abin da ke ɓoye ya fito fili. Ɗige-ɗige suka cika layin kamar an zubar da acca a tsakar gida. Kika ce: "Ɗan'auta, a ido ya yi kyau. A ciki duk ƙarya ce." Zuciyata ta faɗi. Tasa, nake nufi.

Kin san abin da ya yi bayan nan, ya ke kurciyar da ba ta sauka kan kowane reshe? Bai koya a Kafanchan ba, don kada labari ya riga shi zuwa kunnenki. Duk ranar kasuwa in ya sauke kaya a Zonkwa, sai ya zarce wurin Nnaemeka, jikan tsohon direban jirgin ƙasa, mai wata tsohuwar kwamfuta da sai an dafe wayarta take kamawa. Nnaemeka ya yi ta girgiza kai yana cewa wannan yarinya za ta kashe Ɗan'auta kafin aure. Ba ta kashe shi ba. Ga shi nan da ransa, kuma ya iya!

Ashe salo kaya ne da ake ɗinka wa rubutu, kuma iri-iri ne. Akwai na kalma ɗaya, wanda ke kaurara ta, ko ya karkata ta, ko ya ja mata layi a ƙasa, maƙwabtanta ba su sani ba. Wannan bai ba shi wahala ba. Ya tuna yadda malaminsu ke rubuta baƙi da baƙar tawada, ya bi wasula da ja, kowa da launinsa. Dubi sunanki a sama, ya ke zumar da ba a gauraya ba. An kaurara shi, an karkata shi kaɗan kamar yadda kike karkata kai in kina shirin yi wa mutum tsiya, kuma duk takardar nan ba wata kalma da aka bari ta sa irin rigarsa.

Akwai na sakin layi, wanda ke kama tawaga guda ya tsayar da ita: ina za ta jingina, wace tazara za a bari sama da ƙasa. Dubi gefunan wasiƙar nan, dama da hagu, sun miƙe sak kamar sahun Juma'a. Ya koyi na jerin lamba, ya koyi na tebur mai gida-gida, amma bai sa su ba. Ta yaya za a yanka son da ya fi kogin Wonderful cika a damina a zuba shi cikin akwatuna?

Wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne salon kan magana. Da Nnaemeka ya nuna masa cewa in ka sauya shi a wuri ɗaya, duk kawunan da ke takarda sai su bi, ko shafi nawa ne, sai ke kika faɗo masa a rai. Ai wannan ke ce! Magana ɗaya kika faɗa ranar ruwan nan, ta sauya masa tafiya, ta sauya masa hira, ta sauya yadda yake auna wa mata citta a mudu. Wanda ya taɓa sa wa mai shayi gishiri a gwangwanin suga, yau shi ne ke zama yana gyara tazarar layi! Wace tauraruwa ce ke juya mutum haka in ba ke ba?

To, ya ke inuwar mangwaro a tsakiyar bazara, Hukuma ta zauna ta duba, ta ga yaron nan ya ci. Ya ci, kuma cittar ma ba a gama haƙa ba! Na san ba ki yarda da takarda, shi ya sa aka turo miki ainihin aikin ta waya. Buɗe shi a kwamfutarki. Ki kira Madam Hellen ta tsaya shaida, ki kira duk masu jiran layi. Ki danna maɓallin nan naki na tonon asiri. In kin ga ɗigo ko ɗaya da aka tura kan magana da shi, na yarda in kwashe buhunana.

Buhunana na ce? To, shi ke nan, rawanin ya faɗi.

Babu Darakta, Zahra'u. Babu masinja, babu ofis sai bencin Nnaemeka mai ƙafa uku da dutse. Rigar Darakta da kan wasiƙar nan su kaɗai ne ƙarya, kan ma kuwa da salon gaskiya aka zaunar da shi a tsakiya. Na so ne ki miƙe zaune ki gyara kallabi, ki karanta ni da irin ladabin da kike karanta takardun manya, ko da layi biyu ne kafin ki gane. Sauran duka, daga sallama har nan, ki danna mini kowane maɓalli kike so, abin da ke ciki shi ne a waje, kuma haka zai zauna har gashin kaina ya yi fari kamar takardar nan.

Kawu Musbahu, jagoran magabatana, ya riga ya kai babbar rigarsa guga. Ya ce in tambaye ki: su zo wannan Juma'ar, ko kina so ya sake biyan mai guga?

Sa hannuna yana ƙasa, a dama, da ajami da tawadar allo. Wannan kam ki bar mini shi inda na saba.

Naki, a fili da ɓoye,
Ɗan'auta mai citta.