Inuwar Lokon Baba

Samaru, Zariya

Ƙanena Toma,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Clara da yara, yaya ƙafar Mama?

Jiya na shiga kasuwar Sabon Gari, na zauna a rumfar Madam Bolanle mai manja. Ta ce wani kamfanin sabulu yana neman manjan da ba a sare daji don shuka kwakwarsa ba, kuma zai saya da daraja. Ka ji duniya. Shekara da shekaru muna jin kunyar kurminmu, ashe lalacinmu ne ya riga ilimi isowa.

Na ba ta labarin kwakwar Baba, wadda ke tsirowa inda ta ga dama a ƙarƙashin bishiyar loko. Bayan Ista za ta kawo muku ma'aikacin kamfanin ya gani da idonsa. Tun daga jiya, da rabin hankali nake koyarwa, sauran yana can bakin rafi, inda rana ke saukowa ɗigo-ɗigo ta cikin ganye. Har na taya wata doguwar kujera a Palladan. A gindin lokon nan zan ci fanshona.

Ku karɓe su da kyau.

Yayanka,
Japheth

Samaru, Zariya

Ƙanena Toma,

Ina gaishe ku duka. Ina fata Mama ta samu sauƙi.

Madam Bolanle ta dawo. Ta yaba tuwon Clara. Da na tambaye ta batun kurmi, ta ce gayya ka kira, irin wadda muke yi idan bishop zai zo. Kuka share hanya, kuka bi kurmi da adda, har kuka kwantar da loko da maɗatai don kada baƙo ya ce ƙazamai ne mu. Ma'aikacin ya tsaya cikin rana, ya ɗauki hoton kututture, ya sha ruwa, ya koma mota.

Ban yi fushi ba. Haka aka rene mu. Ni dai har yanzu in na rufe ido inuwar tana nan, tsuntsayen ma ba su ji labari ba.

Kada ka sa wa kututturan wuta, abokina malamin gandun daji ya ce loko kan yi toho. Na fasa sayen kujerar, na sayi dashe. Ina tafe da ruwan farko.

Inuwar ba za ta same ni ba. Amma ka gaya wa jikokinka, in baƙo zai zo, tsakar gida kaɗai za su share.

Yayanka mai ƙaunarka,
Japheth