Ramin da Babu Shi a Takarda

Litinin, 2 ga Yuni

Mai tasin nan, Don Hilario, ya ƙi shigowa layinmu. "Doña Remigia, ramin nan ya cinye min taya biyu. Ki kawo min mijinki bakin titi." Haka na tura Anselmo a keken guragu cikin ruwa, mutumin da za a kai wankin ƙoda. Sau uku ƙaramar hukuma tana facin ramin nan bana, kwaltar kamar ɓawon tortilla, gurasar masarar nan marar kauri. Allah ya isa!

Asabar, 7 ga Yuni

Mun gaji da jira. Ni da maƙwabciyata Chepita muka cike shi da fasassun bulo, muka daddaɓe. Bayana kamar zai ɓalle.

Talata, 10 ga Yuni

Ashe kanmu muka cuta. Jami'in duba hanya ya zo da safe. Ramin da ya zagaye da jan fenti kaɗai ake gyarawa. Namu ya hango shi a cike, daga cikin mota, ko gilashi bai sauke ba. Ya rubuta an gyara. Wa ya gyara? Ɗan kwangila mana. Ni da Chepita sai ciwon baya.

Alhamis, 12 ga Yuni

Ruwan jiya ya kwashe bulon. Na je ofishinsu. Wata mai dogayen farce ta ce, "Mama, a takardarmu babu rami a layinku." Na ce ta zo in tsoma ta ciki ta gani. Wai sai bayan damina jami'in zai sake zagayowa. Na yi musu tas, na rantse sai na tona asirinsu a rediyo, har da yadda suke zuba kwalta kan taɓo.

Juma'a, 20 ga Yuni

Keken ya kife a bakin ramin. Goshin Anselmo ya fashe, wankin yau ya wuce mu. Ƙafafunsa sun kumbura. Ya ce, "Tsohuwa, bar wahalar da kanki, ni ne nauyin." Na daka masa tsawa. Na shiga kicin na yi kukana.

Asabar, 21 ga Yuni

Na sayi jan fenti, na zagaye ramin da kaina. Chepita ta tsaya min gadi.

Laraba, 25 ga Yuni

Masu faci sun ga da'irar, ba su tambayi kowa ba. Ba su kwashe ruwan ramin ba, ba su zuba tsakuwa ba. Kwalta shebur shida, suka bi ta kai da tayar motarsu. Ina tsaye ina kallo. Ba za ta kai Agusta ba, na sani.

Shugabansu ya miƙo min takarda, wai dole wani mazaunin layi ya shaida aiki ya yi kyau. "In ba ki gamsu ba, Doña, sai mu tone, a jira bincike." Yana murmushi, ɗan banza.

Na sa hannu. Har shayin kofi na kai musu, don dai ya riga ya dahu.

Chepita ta tambayi zancen rediyo. Na ce ba ni da lokaci.

Ƙarfe biyu Don Hilario ya tsaya a ƙofar gida. Anselmo bai jiƙe ba.