Dattijon da Sanusi Yake Koya wa Tafiya

Yaya Hajo,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya yara, ya ƙarin haƙurinmu?

Sai jiya na gane ɗana Sanusi ya tafi da gaske. Malam Bello, dattijon da yake koya wa tafiya bayan shanyewar jiki, ya zo ƙofa da safe kamar kullum, ya tsaya. Ni ma na tsaya.

Yaron da ya fara da ɗaga gwangwanin siminti a Kebbe muna dariya, shi ya zama mai koyar da motsa jiki a Tambuwal. Ba ya tsawa, sai dai ya ce, "Kaɗan dai, Baba, amma kullum."

Ku yi wa Sanusi addu'ar samun rahama, a gaishe da maigidanki Alhaji. Malam Bello bai kai masallaci da ƙafarsa ba tukuna, kuma babu mai riƙe shi.

Ƙanwarki,
Hassi