Ƙanwata, ’Yata Na Son Sauke Kwandasta

Ƙanwata mai ba da shawara, ki taimaka mini kafin ’yata ta daina gaishe ni.

Ni dai sakandare ce ta gaji da ni ta sallame ni, amma Allah ya haɗa jinina da kwamfuta. Shekaru da dama ni ke riƙe da manhajar katunan marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti, kuma da hannuna na rubuta ta. Tana aiki, sai dai layukan rubutunta a cunkushe suke kamar kaya a ɗakin gwauro, babu wanda na tura ciki daga gefen shafi don tsarin ya fito, babu bayani ko ɗaya. Sunayen sassan ma na ’yan gidana ne. Wanda ke tsallakawa zuwa kati na gaba Ƙiriniya, wanda ke zuwa na ƙarshe Auta.

Yanzu idona ya fara yaji, ’yata mai digiri za ta gaje ni. Ta ce dole a sake sunayen duka, don kowa ya karanta ya gane. Na yarda da komai, har ta iso wurin Kwandasta, sashen da ke maido da manhajar kan katin farko idan ta kai ƙarshe. Nan na rufe kwamfutar na ce a bar mini kayana. Ta ɗauka iliminta na raina.

Kwandasta sunan da nake kiran marigayiya uwarta ne, mu biyu kawai. In na yi nisa da surutu, ita ke dawo da ni tasha. Na kasa faɗa wa yarinyar, kar tsoho ya yi hawaye a ofis. Yaya zan yi?

Baba Mai Tabarau

Yayana, Allah ya jiƙan Kwandasta, ya sa ta huta.

’Yarka na da gaskiya. Ranar da manhajar ta tsaya, marasa lafiya na jira a kan benci, wanda zai gyara ba shi da lokacin tambayar wane ne Auta. A tura layukan ciki, kowane sashe ya ɗauki sunan aikinsa. Kai ma ba rigima kake yi ba, kewa ce. Kuskurenka ɗaya, ka bar yarinya tana zaton ita ka ƙi.

Ka san akwai layin bayani, wanda kwamfuta ke tsallakewa, mutum kaɗai ke karantawa. Ka bar ta ta sake sunan, a samansa ku rubuta cewa wannan sashe Kwandasta ne, mai dawo da mutane farko. Amma ka fara gaya mata labarin, a gida, ba a ofis ba. In hawayen ya zo, ya zo, uwarta ce. Kuma ita za ka ba ta buga layin da hannunta.

Allah ya ƙara wa idon lafiya, ya bar ku tare.